Zaren da Aka Manta a Tayar

Zulkifilu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk Daura ban san mai haƙurin cutar kai irinsa ba. Kwamfuta yake koyarwa a wata makarantar kuɗi, a shekarun farko na shari'a, lokacin da kowa ya kasa kunne a bakin kowa.

Laifinsa ɗaya, da Hausa yake bayani don ɗalibai su gane. Ya ce musu a cikin kwamfuta akwai uwar manhaja mai raba aiki. Kowane ɗan aiki sunansa zare, kuma tana riƙe da halin da yake ciki, ko yana gudu, ko yana layi, ko yana barci. Zaren da ke jiran wani abu, a ce a danna maɓalli, ba ta kashe shi. Takan adana inda ya tsaya da abin da yake jira, ta kwantar da shi. Abin na zuwa sai ta tashe shi.

Wata ɗaliba ta kai maganar gida. Ubanta, Alhaji Bature mai shanu, ya zo yana faɗa wai ana koya wa yara ƙarfe na da rai, yana kashewa yana tayarwa. Mai makarantar ya tsorata, ya ce Zulkifilu ya zauna gida a tambayi malamai, za a kira shi.

Ya zauna. Aka shuka gero, aka girbe. Kullum rigarsa a goge. In na ce ya je ya ji, sai ya ce, "Yaya, wanda aka ce ya jira ba ya zarya. Tashinsa ake yi."

Ƙarshe ni na je. Mai makarantar, ko kunya babu, ya ce ai tun kafin azumi liman ya ce misali ne kawai, ba komai. Shi ya zaci Bature zai sanar da Zulkifilu, Bature ya zaci shi zai sanar. Da ya ji shiru sai ya ɗauka fushi Zulkifilu ya yi, ya ba wani malami ajin.

Na dawo ina huci. Zulkifilu ya yi murmushi, wai ko a kwamfuta hakan na faruwa, saƙon tashin ya ɓace, zare ya yi ta barci. Shi ya sa masu hankali ke sa wa jiran iyaka.

"To kai me ya hana ka sa wa naka?"

Yanzu gyaran waya yake yi a Mai'adua. Duk wanda ya ce wa ya jira kira, sai ya ƙara da cewa, "In ba ka ji ni ba, Lahadi ka zo da kanka."