Miyar Kaka a Hindawiyya

Shekarar da Inna ta daina cin abinci, 'yata ta fari ce ta zo mini da maganar miyar kaka. Inna mahaifiyata ce, ta haura tamanin a lokacin, muna zaune da ita a hawa na biyu na wani tsohon gida a unguwar Hindawiyya, cikin Makka. Fiye da mako ba abin da ya shiga cikinta sai zamzam da rabin kofin shayi. Likita ya ce in ba ta fara ci ba zuwa Alhamis, kwantar da ita za su yi, su zura mata robar abinci ta hanci. Ita kuwa tun da sauran ƙarfinta ta sa na yi mata alkawari ba zan bari a yi mata haka ba.

'Yar tawa a nan Makka aka haife ta. Hausarta duk a karye take, in ta fara zance sai ya zame mata Larabci. Ta shigo kicin da waya a hannu, ta ce za ta yi wa Sitti miyar kaka, sunan da take kiran Inna ke nan. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Na ɗauka taushen Inna take nufi, wanda muka tashi da shi, na ce a raina ashe yarinyar nan tana lura. Ina! Wata shurba ce, wato romo, ta gani a waya, ta juya sunanta da Hausar da take da ita. Kakar girbi take nufi, ba kakarta ba.

Ta nuna mini bidiyon. Wata mata ce sanye da rigar sanyi a bakin taga, ganye na zuba a waje, tana marairaice murya wai miya ce ta ranakun da gari ya yi duhu, zuciya ta yi nauyi. Kai, jama'a. Mu a Makka wace kaka muke da ita? Gero muka yanka ko dawa? Gaskiya ne hadari ya haɗo a makon, garin ya yi jugum, amma mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, bai huta ba ko na minti ɗaya, kuma daga tagarmu ba abin da ake hangowa sai dutse da tasi.

Na zuba mata ido. Ta yanka karas da dankali da kabewa da wani dogon ganye mai warin magani, ta tafasa su a ruwa zalla, ta juye a injin markaɗe. Ba daddawa, ba gyaɗa, ba attaruhu, ko ƙashi ɗaya babu. Abin ya fito ruwa-ruwa kamar wanda ake ɗura wa jariri. Wai kuma ba tuwo, da cokali za a sha. Na ce mata ruwan wankin tukunyata ya fi wannan ɗanɗano, kuma muddin ina numfashi uwata ba za ta sha abincin 'yan waya ba. Da Hausa na faɗa, a hankali, don ta gane, ta kuwa gane. Ta rufe tukunyarta ta tura cikin firij.

Washegari da sassafe na hau tasi zuwa kasuwar kayan miya ta Ka'akiyya, na zaɓo kabewa ja jawur da alayyafo. Na biya ta Misfala wajen wata 'yar Chadi na sayo yakuwa da daddawa. Na daka gyaɗa da hannuna, na sa ƙashin rago ya dahu luguf, na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi. Ƙamshin ya sauka har ƙasan bene. Na ɗauki tire na wuce ta gaban 'yata, ban ko dube ta ba.

Inna ta shaƙi ƙamshin, ta yi murmushi. Na gutsuro loma ƙarama na sa mata a baki. Ta tauna, ta sake taunawa, sai tari ya sarƙe ta, idonta ya yi ja. Na tara hannu ta tofo mini.

"Yi haƙuri, 'yar nan," in ji ta. "Ba ya wucewa."

Ranar Laraba ce. Na zauna da lomar a tafin hannuna, tsoro ya kama ni sosai.

Sai na ji ƙarar firij. 'Yata ta ɗumama shurbarta, ta kawo a kofin shayi, ta durƙusa gefen gado. Ban hana ba. Inna ta karɓi cokalin farko, muka ga maƙogwaronta ya motsa. Ta karɓi na biyu, ta yamutse fuska, ta tambaya wa ya dafa wannan abin.

"Ni ce, Sitti."

"Ba miya ba ce wannan. Allah ya shirye ki. Ƙaro."

Ta shanye kofi biyu. Taushena ni kaɗai na ci shi kwana uku, a tsaye a kicin.

Har gobe ban yarda abin nan miya ba ne, kuma ban taɓa kai shi bakina ba. Amma wata huɗu ni nake tashi in yanka karas, in tafasa, in markaɗa, ina tsaki. Sai da na tambayi 'yata yadda ake yi, ta yi mini bayani da Larabci tiryan-tiryan, na haɗiye girman kaina. Inna ta rasu a gadonta, a ɗakinta, ba wanda ya taɓa mata hanci.