Ranar da Na Share Ɗakin Ƙanena

Shekarar da aka kashe wani ɗan kasuwa a gidansa na unguwar Koira Kano, ƙanena ne direbansa. Kwana biyu kafin abin sun yi cacar baki a ƙofar gida, maƙwabta kuma sun ji ƙanena yana cewa za a gani. Shi dama baki gare shi kamar reza. Washegarin kisan da safe aka zo unguwar Bobiel, inda yake zaune a gidana, aka wuce da shi komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka ce da la'asar za a dawo a duba ɗakinsa.

Ni kuwa me zan yi in ba ɗaukar tsintsiya ba? Ɗakin nan ko akuya ta leƙa sai ta juya. Mu mutanen Zinder ba a yi mana baƙi a tarar da ƙazanta, ko da baƙin 'yan sanda ne. Ina kuka ina shara, na ninke kaya, na jera takalma, har turare na kunna.

Wanda ya zo dattijo ne siriri, sufeto, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana kallo, fuskarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya nemi kujera ya zauna, ya yi mini bayani kamar ni ma ma'aikaciya ce. Ya ce a aikinsu masu kisa iri biyu ne. Akwai wanda zuciya ko ruɗewa ke ɗiba, ya rarumi abin da hannunsa ya taɓa, ya gudu ya bar komai a watse. Akwai kuma mai shiri, wanda ke zuwa da makaminsa ya koma da shi, ya gyara wuri. Wanda ya kashe Alhajin sai da suka sha shayi tare, sannan ya wanke kofuna ya kife su, ya kulle ƙofa.

Ya sake duban takalman da na jera. Nan na gane abin da na yi.

"Ranka ya daɗe, ni ce na gyara," na ce. "Kunya na ji."

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in mayar da komai yadda yake, gwargwadon abin da na tuna. Haka na tsaya gaban hukuma ina watsa riguna, ina tura kwanon tuwon shekaranjiya ƙarƙashin gado, shi kuma yana rubutu. Ya duba motar ƙanena, ya tarar da ita a hargitse, ya tambayi maƙwabta halinsa, bai tsaya ga maganata kaɗai ba.

"Hajiya, wannan ba shaida ba ce," ya ce da zai tafi. "Tana dai nuna mini inda zan fara nema."

Har yau ina girmama mutumin nan. Yana da wanda ake zargi a hannu, unguwa duka ta riga ta yanke hukunci, amma ya zaɓi wahalar sake bincike. Bayan kwana tara aka kama wani aminin marigayin, mutum mai fara'a da ya zauna a sahun gaba wajen zaman makoki.

Ƙanena ya dawo a rame, ya rungume ni yana cewa addu'ata ce ta fid da shi. Na ce masa Allah ne. Har yanzu ban iya gaya masa cewa ni, yayarsa, na kusa ƙulla masa igiya da hannuna ba.