Ranar Da Bakanike Ya Cire Mini Aksil Ɗin Motarsa

Ko zan manta komai, ban da ranar da 'yata ta fari ta gama jami'a. Mu takwas muka cusu a tsohuwar motata daga Kabong za mu Naraguta inda jami'ar take, ga kuloli uku na shinkafa a but, ga mahaifiyata a gaba tana ta sa albarka. Ƙarfe goma za a rufe ƙofar ɗakin taro, wanda ya makara sai dai ya ji labari.

Wata biyu ke nan tayar baya tana wani kuka, wuu-wuu. Ni kuwa, gwanin wayo, sai in ƙara muryar rediyo.

Muna wuce garejin wani maƙwabcinmu, bakanike ɗan ƙabilar Ibo, sai ga shi ya biyo mu a guje yana dukan but. Ashe motocin unguwar nan duk da kunne ya san su. Da na tsaya, ya taɓa tayar, ya janye hannu da sauri saboda zafi.

"Oga, boris ya mutu! Wannan taya ba zai kai Naraguta ba."

Na ce, "Haba maƙwabci, bari mu dawo mana."

"Da Mama a ciki? Ban yarda ba."

Ya sa jak, ya zaro aksil, ƙarfen da ke juya tayar. Boris ɗin, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da aksil ke juyawa a kansu, ya zube a tafinsa kamar tsakin masara, aksil ɗin kansa ya cinye. Tara saura kwata, kasuwar kayan gyara da nisa, 'yata ta fara share hawaye da gefen rigar digirinta.

Bawan Allah ya juya wajen tasa motar, irin tawa ce sak, ya ɗaga ta, ya kwance nata aksil ya ɗaura mini. Mahaifiyata tana zaune kan benci tana cewa, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka," shi kuma yana amsa amin daga ƙarƙashin mota.

Goma saura minti biyar muka shiga. Da aka kira sunan yarinyar nan, wallahi kuka na yi don murna, giris a hannun babbar rigata ban ma kula ba.

Motarsa ta yi kwana huɗu a kan duwatsu kafin in samo sabon aksil. Ranar na gane maƙwabcin kirki shi ne wanda zai tare ka a hanya ko ranka bai so ba, sannan ya taka da ƙafa don kai ka isa.