Ɓarawon Duwatsun Ƙofar Gabas

Shekara arba'in La Dumbu ya yi yana gyaran ganuwar da ta kewaye garinsu na kan tudu, can cikin tsibirin Buton, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki. A hannun mahaifinsa ya koyi yadda ake juya dutsen teku har ya sami mazauninsa, ya zauna daram ba kwaɓi. Duk inda saiwar itace ta ture gini, shi za ka gani bisa tsani, da curin tuwon rogo a aljihu.

Ƙofar gabas ce ransa. Matsattsiya ce, mutum biyu ba sa jerawa, kuma sai ka karya kwana sau biyu kafin ka ga cikin gari, tsohuwar igwa na kallonka daga sama. Da gangan kakanni suka gina ta haka, don maharan teku su shigo ɗai-ɗai.

Ran nan sai ga ɗan kwangila da katafila. Wai manyan baƙi za su zo biki, motocinsu kuwa ba sa shiga.

La Dumbu ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa. "Ƙafafunsu guragu ne? Matata da cikin wata tara ta hau nan da tulu a ka!"

"Baba, matsa," in ji ɗan kwangilar yana danna waya. "Gyara muka zo yi."

"Gyaran uban wa? Wa ya ce maka ta lalace?"

Dagaci da kansa ya ja shi gefe yana ba shi haƙuri. Kafin azahar an baje kwanar, an tura duwatsun cikin kwazazzabo, an zuba siminti, an shafe shi da fenti shuɗi.

Washegari La Dumbu ya sauka kwazazzabon. Ya san kowane dutse da fuskarsa, har da wanda ya fasa masa farce yana saurayi. Wata uku yana hawo da su a kafaɗa, yana jera su a bayan gidansa yadda suke a da, ko Allah zai kawo mai hankali wata rana.

Maimakon mai hankali, 'yan sanda biyu ne suka zo da takarda. Laifinsa: satar kayan tarihi.

Matarsa Wa Ncuri ta fito da ludayi a hannu. "Kunya ba ta kama ku? Wanda ya rushe yana yawo a mota, wanda ya tsince shi ne ɓarawo?"

"Inna, aiko mu aka yi."

Ba a kulle shi ba, albarkacin furfura. Amma sai da aka sa shi ya dangwala yatsa a takarda cewa ba zai ƙara taɓa ganuwa ba. Aka loda duwatsun a tifa, aka juye su a harabar wani ofis a birni, inda masu gadi ke shanya wanki a kansu.

A daminar bana gefen ganuwar na arewa ya zube, ya danne awakin mutane. Dagaci ya zo har gida, yana murza hula, yana cewa a taimaka.

La Dumbu ya ɗaga masa babban yatsansa. "Ka manta abin da kuka sa wannan ya yi? Je ka kawo wata takardar da za ta soke waccan."

An ce ana kan rubuta ta. Ginin yana nan a zube.