Cikon Mota

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun naɗe tutarsu na yi wani wayo wanda har yau in an taso da shi a Tabaram sai in ce ana kirana gida.

Buhu sha biyu na wake muka samu, gumin gidanmu na damina guda, aka ce in kai su Tawa in riski kasuwar Lahadi. Mota ɗaya ke zuwa garinmu a mako, tsohuwar kamiyo mai shimfiɗaɗɗen baya, ba bodi, igiya kaɗai ke riƙe kaya. Ko ku yi shatarta gaba ɗaya a jikka goma, ba mai ɗora ko tsinke sai da yardarku, ko ka biya buhu-buhu. Maƙwabtanmu uku suka ce mu haɗa kuɗin shata. Na ƙirga da yatsun hannu har da na ƙafa, na ga rabona jikka biyu da rabi. Na ce musu ni ba gwamna ba ne.

Na laɓe sai da wani Alhaji mai fataucin fata ya gama lodi, sannan na ɓullo. Cikon mota arha gare shi. Direba ya karɓi jikka ɗaya yana murmushi, buhunana suka hau can ƙololuwa, ni kuma bisansu kamar sarkin ungulu.

Gaba da Takanamat motar ta nutse cikin rairayin ƙorama har cikinta. Direba ya sauko, ya tofar da goro, ya dubi wasu ƙatti biyu, yaran Alhaji.

"A sauke ciko."

"Wane ciko, maigida?" na ce.

"Kai mana. Wanda ya hau ƙarshe shi ka fara sauka. Mako mai zuwa in kwashe ka."

"A sauke fatun nan masu warin mushe dai."

Alhaji ya leƙo daga gidan gaba. "Samari, fatuna kuɗin mota suka biya. Wakenka kuɗin goro."

Ƙaton farko ya cillo buhu, ya fashe, wake ya watsu cikin rairayi. Ban san sanda na diro bisa wuyansa ba. Muka zube, na kafa haƙora a kunnensa, ya yi ƙarar da na tabbata an ji ta Agadas. Ya damƙi maƙogwarona ya tura kaina cikin ƙasa, na ci rairayin da ya isa gina rumbu. Na laluba na samu dutse, na fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido. Na biyun ya zo da shebur ɗin haƙar taya ya shimfiɗa mini a gadon baya. Na miƙe na soke shi da kai a ciki, ya amayar da furar safe bisa rigata. Wallahi da an bar mu da na gama da su, da Alhajin, da motar. Sai direba ya zagayo ta baya da ƙarfen tada inji. Bugu ɗaya, gefen ido.

Na farka na tarar da sawun taya da buhunana zube kamar gawawwaki. Kwana biyu ina tsince wake cikin rairayi da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura ya kai ƙwan jimina. Ranar ta uku wasu masu raƙuma suka biyo, suka duba ni, suka duba kayan, suka ce jikka biyu. Ban ko yi ciniki ba, bakin bai buɗuwa.

Litinin muka shiga Tawa, kasuwa ta watse, sai karnuka a rumfuna. Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai ta zura hannu cikin buhun da ya fashe, ta jefa ƙwaya a baki, haƙorinta ya yi ƙaras.

"Ɗana, wake kake saidawa ko ƙasar gini?"

"Inna, rairayin kyauta ne."

Rabin kuɗi ta taya, duka sha biyun. Na sallama.