Gurasar Kano a Yawunde

Da labari ya iso mana a unguwarmu Briqueterie cewa yayar Inna ta kwanta ciwo a Kano, Inna ta kasa cin abinci. Tun da aure ya kawo ta Yawunde ba su sake haɗuwa ba, kuma da faɗa suka rabu. So take a je a nema mata gafara tun da sauran numfashi.

Yayana ne ya ce zai je, a jirgin sama ma kuwa. Shi tela ne, kuma kowa a layinmu ya san alƙawarinsa. In ya ce maka gobe, to ka nemi wata rigar ka yi Sallah da ita.

Mako bai cika ba sai ga shi ya dawo, fes da shi, ko baƙin tafiya bai yi ba.

"Inna, ta yafe miki. Ta ce ke ma ki yafe mata."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Ita ta san hanyar Kano: jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, a rarrafa a mota zuwa Garwa, a kwana a iyaka, mutum ya isa ƙafa a kumbure.

"Yaushe ka je har ka dawo?"

"Abiyo ne fa, Inna, jirgin sama. Na yi azahar a Duwala, magariba a Kano ta same ni. Ga biye ɗina ma."

"Riƙe takardarka, ni ba karatun Nasara na yi ba. Wace ƙofa ɗakinta yake kallo?"

Ya ce bai lura ba. Nan zuciyata ta gama yanke masa hukunci. Na ce a raina Duwala ya je ya sha iskar teku, ya dawo ya shirya wa tsohuwa zance mai daɗi. Tsarabar ma ba ta taimake shi ba, turare da ɗankwali, irin waɗanda ke jibge a kasuwar Mokolo nan Yawunde. Haushi ya cika ni, don da ƙaryar ɗinki da ƙaryar gafara ba ɗaya ba ne.

Washegari da ya fita shago Inna ta ce in je gidansa in duba mata jakar tafiyarsa. Matarsa tana ta harare-harare, ni ko a jikina. A ƙasan kaya na tarar da wani ƙunshi a tsumma.

"Guzuri ne suka ba shi a can," in ji matar. "Wai a jirgi ana ba da abinci, sai ya manta da shi."

Gurasa ce. A duk Briqueterie babu mai gasa ta, mu burodi muka sani.

Na kai wa Inna. Ta shinshina, ta danna da babban yatsa, wurin ya lotsa ya taso. Ko bushewa ba ta yi ba. Na ɗauka murna za ta yi, ga shi ya je, ga shi an yafe mata. Sai na ga ta ajiye gurasar ta ɗaure fuska.

Da yamma yayana ya shigo yana washe baki, ya ji an wanke shi. Inna ba ta amsa sallamarsa ba.

"Gurasa ta taso daga Kano ta zo hannuna da taushinta," ta ce. "Ashe kusa ne haka. To ni me ya hana ku kai ni?"