Ranar da Famfon Kifi Ya Ɗau Zafi

Shekarar da ɓarin jikin maigidana ya shanye, kiwon kifinsa na Dundaye ya dawo hannuna. Ni malamar makaranta ce, ban san komai a kan tarwaɗa ba sai cinta, amma da kifin nan muke riƙe gida, da shi ake saya masa magani. In na tashi daga aiki sai in hau keke daga Arkilla in je in sauya musu ruwa. A buɗe magudana tsohon ruwa ya fita daga tafkunan siminti, a kunna babban famfon da ke ja daga rijiya, shi ke nan.

Wata Asabar cikin bazara na isa da hantsi na tarar ruwan ya fara wari. Na zubar da shi har sai da bayan kifayen ya kusa fitowa, sannan na kunna famfo. Ya ɗauka lafiya. Can sai ƙararsa ta canza, kamar an zuba masa tsakuwa a ciki. Bututun ya yi ta tofar da ruwa, daga baya ya daina. Warin ƙonannen roba ya tashi. Na kai hannu jikin ƙarfen, na janye ba shiri.

Na kira yayana, wanda ya daɗe yana aiki da irin waɗannan injuna a wata masana'antar shinkafa. Yana Gusau a lokacin.

"Kashe shi yanzu," ya ce.

"Yaya, na riga na zubar da ruwan. Kifin na cikin rana."

"Kashe shi nic ce maki. Rijiyar ta ja ƙasa, iska shika sha. Ruwan da shika ja shi ka sanyaya shi. In kib bar shi hakanan, roba ta ƙone, boris, ƙarfen da sandar injin ka juyawa cikinai, shi ci kainai, ki rasa injin gaba ɗai."

Na kashe. Na ce bari in sheƙa masa ruwan randa. Ya ce kada in kuskura, ƙarfe mai zafi irin wannan yana iya tsagewa. In yi masa inuwa, in jira har sai na iya ɗora tafin hannuna a gidan boris ban janye ba.

Ban taɓa yin jira mai ɗaci irin wannan ba. Ragowar ruwan tafkunan ya fara ɗumi. Kifayen suka cunkushe a kusurwa, suna hawa kan juna, bakunansu a sama. Na jawo zana daga rumfa na rufe tafki ɗaya, na shimfiɗa mayafina a bakin wani. Na zura guga a rijiya, igiyar ta ƙare bai taɓa ruwa ba. Na koma wurin famfo na taɓa, har yanzu wuta. Na tsaya tsakaninsa da tafkunan ina salati, ban san inda zan nufa ba.

Wani dattijo mai gonar albasa a maƙwabta ya hango ni ba mayafi, ya ƙaraso.

"Ɗiyata, mi ya hwaru?"

Na nuna masa tafkunan da famfon. Bai ƙara tambaya ba. Ya koma ya ɗoro jarkoki a jakinsa daga tasa rijiyar. Yana kawowa ina juyewa, amma a tafki mai faɗi jarka ba ta ko nuna an zuba. Ya ce in zaɓi inda za mu fi ba ƙarfi. Na zaɓi ƙananan, don sun fi yawa. Manyan, waɗanda suka kusa isa sayarwa, ina kallo suka fara juya farin cikinsu sama.

Bayan azahar na ɗora hannu a jikin famfon, ya zauna ban janye ba. Yaya yana kan waya muka ƙara tsawon tiyo muka zura shi ƙasa, muka cika cikin famfon da ruwa, na kunna. Ya ja. Amma ruwa na tsiyaya ta wurin robar da ta ƙone, kuma ba a jima ba ƙarfen ya sake ɗaukar zafi. Haka muka wuni, a kunna kaɗan, a kashe, a jira. Duk kashewa sai in ji kamar numfashina aka tsayar.

Ƙananan sun rayu. Manyan kuwa sai kaɗan. Matan gidan dattijon suka zo da wuƙaƙe, muka fafe waɗanda ba su lalace ba, suka ce za su yi mini banda.

Da na shiga gida bayan magariba, maigidana yana kishingiɗe a tabarma. Ya dubi tufafina, ya ji ƙarni. Maganarsa ba ta fita sosai a lokacin, sai ya ɗaga gira. Na zauna na faɗa masa komai. Hawaye suka bi gefen fuskarsa. Daga bisani ya yi ta kokawa da harshensa har na gane abin da yake cewa: a kira masu haƙa su ƙara wa rijiyar zurfi tun kafin Asabar mai zuwa.